Albam ko waya: ina ya kamata hotunan gida su kwana?

Bayan sadakar arba'in ɗin Hajiyarmu, da aka zo fitar da kayan ɗakinta, ni aka miƙa wa wata tsohuwar adaka da ke ƙarƙashin gado, aka ce in duba ko akwai takardun fili a ciki. Babu takardar fili ko ɗaya. Ambulan huɗu na tarar, da albam biyu, da wata leda da aka ɗaure da tsumma, duk hotuna. Na baje tabarma a tsakar gida ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar. Ga Baba yana saurayi, baƙi-da-fari, ya dafa keke a wani sitidiyo, an buga hatimi a baya da shekarar 1968. Tas yake, har aikin wuyan rigarsa ana gani zare-zare. Ga na sunan ƙanwata na 1987, mai kala, ya yi jawur kamar an tsoma shi a zoɓo. Guda shida sun manne da juna sun zama kwali ɗaya. Gara kuma ta bi gefen albam guda, ta tafi da kawunan mutum biyu.

A satin ne ƙanina ya shiga neman hoton Hajiya riƙe da 'yarsa ta fari, wanda ya ɗauka da hannunsa a 2016. Har yau ba mu gan shi ba. Wayar da ya ɗauka da ita an fizge ta a cikin adaidaita sahu, layin da aka buɗe masa imel da shi ya daɗe da yar da shi, kalmar sirri kuwa wani yaro mai shagon waya ne ya sa masa ranar da ya sayi wayar, bai taɓa tambayarsa ba. Hoton da ya haura shekara hamsin yana hannuna, wanda bai cika goma ba ya bi ruwa.

Kafin wani ya ce shi ke nan takarda ta yi nasara, ya tuna da guda shidan nan da suka manne, da mutum biyun da gara ta cinye wa kai. Su ma sun tafi, kuma babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Kowanne daga cikin hanyoyin biyu yana mutuwa, salon mutuwar ne ya bambanta. Takarda a hankali take tafiya, tana yi maka sallama shekara da shekaru, kana gani da idonka. Hoton waya ba ya tsufa ko kaɗan, amma ranar da zai tafi, dare ɗaya ne, kuma da 'yan'uwansa dubu biyar zai tafi. Duk wanda ke son ya zaɓi inda zai zuba kuɗinsa da lokacinsa, daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Wanda ya yi zamanin fim ya san hoto ba abin wasa ba ne. Naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowane ƙyas kuɗi ne, kuma sai an kai wanki an jira kwanaki kafin a san ko amarya ta rufe ido. Shi ya sa gida guda zai yi shekara ashirin hotunansa ba su cika albam uku ba: na Sallah, na suna, na biki, na saukar karatu, na dawowa daga Makka, sai fasfo na shiga makaranta. Ƙarancin nan ya yi musu rana, domin abin da ba shi da yawa ana sanin inda aka ajiye shi.

Dalilin da ya sa hoton Baba ya fi na ƙanwata lafiya, duk da ya girme shi da shekara 19, yana cikin yadda aka yi su. Siffar da ke jikin hoto baƙi-da-fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne da suka zauna cikin wani siririn danƙo a fuskar takarda. Azurfa ƙarfe ce, ba ta saurin koɗewa. In mai hoton ya ɗauraye maganin wankin da kyau, hoton zai iya haura shekara ɗari; in ya yi gaggawa wajen ɗauraya, shi ne za ka ga ya yi rawaya ko ya yi dabbare-dabbare. Mai kala kuwa rini ne hawa uku, kuma ukun ba sa tsufa tare. A yawancin hotunan shekarun 1970 da 1980, mai shuɗi-shuɗin ne ke fara gudu ya bar sauran, shi ya sa farar shadda ke komawa ja-ja, sararin sama ya koma kalar ƙasa. Ko a cikin duhun akwati wannan na faruwa, zafi da danshi ne ke yi masa bulala. Mu kuma Allah ya ajiye mu inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a Kano ne ko Sakkwato ko Yamai, ɗakin kwano mara silin kuwa sai wanda ya shiga. Sai Agusta ta zo da danshi, danƙon fuskar hoto ya yi laushi, ya kama duk abin da ke jingine da shi, ko ɗan'uwansa ne ko gilashin firam. Hunturu ya zo ya busar da shi, ya nannaɗe, ya tsattsage.

Wani abin takaici, yawancin ɓarnar da na gani a adakar nan ba sakaci ne ya jawo ta ba, ƙauna ce. Hotunan da aka fi so su aka sa a albam mai shafi mai danƙo, irin wanda ake ɗaga leda a manna hoto a mayar. Danƙon ya yi rawaya, ya ci bayan takardar, ya bar layi-layi a fuska. Waɗanda aka fi ji da su kuma aka kai aka yi musu laminatin. Don Allah kada a ƙara. Injin laminatin da zafi yake narkar da leda ta haɗe da fuskar hoto, ba ta ɓantaruwa sai da fatar hoton, kuma in danshi ya samu ƙofa ta gefe, ciki zai zauna ya yi ta cin hoton kana kallo ba ka da yadda za ka yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hotunan da suka fi lafiya a adakar su ne waɗanda aka zuba a ambulan na takarda aka manta da su. Har ila yau, a gidaje da yawa namu ba a rataye hoton mutum a bango saboda abin da malamai suka faɗa a kan haka, kuma wannan ya yi wa hotuna amfanin da ba a nufa ba, tunda hasken rana na cikin manyan abubuwan da ke cinye rini.

Sai nagatif, wanda kusan kowa ya raina. Wannan siririyar leda mai ruwan ƙasa da ake sako wa a ambulan tare da hotuna, yara su riƙa ɗaga ta sama suna dariyar baƙaƙen haƙora, ita ce uwar hoton. Abin da ke cikinta ya fi abin da aka wanke a takarda yawa da kaifi. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe sitidiyonsa a 1948, ƙananan hotuna yake wanke wa masu zuwa ɗauka, amma ya adana dubban nagatif ɗinsa. Da aka gano su a farkon shekarun 1990, daga jikinsu aka wanke manya-manyan hotunan da aka baje a Faris, duniya ta san shi. Mu a nan, sau da yawa mai sitidiyo ne ke riƙe nagatif don in kana son ƙari ka dawo wurinsa, kuma da waya ta kashe kasuwar, shagunan suka koma na cajin waya ko na ɗinki, buhunan nagatif suka tafi bola. In kun yi sa'a akwai saura a gidanku, ku shinshina. In kun ji wari mai tsami kamar na binega, ledar ta fara ruɓewa ke nan, ba ta komawa baya, kuma tururinta na hanzarta lalacewar na kusa da ita. A ware ta daban, a gaggauta kwafe abin da ke ciki.

Yanzu mu juyo ga na zamani. Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma abin da ya ƙirƙira ɗin ne ya ci kasuwar fim har kamfanin ya kai kansa kotu a kan karayar arziki a Janairun 2012. Abin da dijital ya kawo wanda takarda ba ta taɓa iyawa ba shi ne kwafi mara ragi. Hoton lambobi ne kawai. In ka kwafe shi sau ɗari, na ɗarin daidai yake da na farko. Ba ya koɗewa, gara ba ta san shi ba. Mu tara ne a wurin Hajiya, hoton aurensu da Baba kuwa ɗaya ne tak, kuma na ga yadda fuskoki suka fara sauyawa da aka zo maganar wa zai riƙe shi. Da aka yi masa sikanin aka tura wa kowa, har da yayarmu da ke aure a Maraɗi, maganar ta mutu.

Matsalar ita ce lambobin nan dole su zauna a cikin wani abu, kuma duk mazubin da muke da shi bai kai takarda haƙuri ba.

Waya ita ce mafi rauni, kuma ita ce inda kusan kowa ya tara komai. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, tana mutuwa haka kawai a kai wa mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, wato a share komai. Memori da filash kuwa da ɗan cajin lantarki suke riƙe abin da aka zuba musu, kuma cajin na zurarewa a hankali in an jefa su a durowa shekaru ba a jona ba, zafi na ƙara masa gudu. Ga kuma na jabu da suka cika kasuwa: an rubuta giga 64 a jiki, cikin bai kai takwas ba, waya ta yi ta nuna maka tana zubawa alhali sabo na hawa kan tsoho yana shafe shi. Araha ba ta ado. In ka sayi sabo, ka cika shi taf da wasu abubuwa, sannan ka koma ka buɗe waɗanda ka fara zubawa. In sun ƙi buɗewa, ka san abin da ka saya. Faifan sidi, wanda masu ɗaukar biki suka yi ta ba mu a shekarun baya, shi ma rini ne a jikinsa, yana lalacewa, yana karcewa, kuma yawancin kwamfutocin yanzu ba su da ma inda za a zura shi. Babban faifan ajiya na waje, wato had-dis, ya fi su duka ɗaukar kaya a kan kuɗi kaɗan, amma irin wanda ke juyawa a ciki faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da shi.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gidansu. Nemo hoton shekarar 1990. Mai yiwuwa a samu. To nemo na 2008 ko 2011, lokacin ƙananan Nokia masu kyamara da BlackBerry da kyamarar dijital ta aljihu. A gidaje da yawa nan ne ramin yake. An daina wanke hoto, ba a kuma fara ajiya a intanet ba, sai shekarun suka tafi tare da wayoyin da suka ɗauke su. Yaran da aka haifa a tsakanin nan su ne suka fi kowa rashin hoton jarirantaka.

Da yawa za su ce ai nasu na WhatsApp, a guruf ɗin 'yan gida. WhatsApp hanya ce, ba rumbu ba ce. In ka tura hoto yadda aka saba, manhajar na matse shi ta rage masa nauyi don ya yi saurin tafiya, ta kuma cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, irin su ranar da aka ɗauka. A fuskar waya ba za ka lura ba, sai ranar da ka kai a wanke maka babba ka ga fuska ta yi dishi-dishi. Tun 2023 akwai zaɓin turawa da inganci mafi kyau, amma wanda ke son hoto ya isa yadda yake, sai ya tura shi a matsayin dokumen. Facebook ma na matse abin da aka ɗora masa.

Ma'ajiyar intanet, irin Google Photos da iCloud, ita ce ta fi kusa da maganin sata da gobara, domin hoton na can wata ƙasa ko da wayar ta ƙone. Ni kaina ina amfani da ita, kuma ina ba kowa shawarar ya kunna. Amma a san cewa ɗakin haya ne, kuma mai gida na sauya sharaɗi yadda ya ga dama. Google ta yi shekaru tana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sai ta tsayar da hakan daga 1 ga Yunin 2021. Yanzu giga 15 ne kyauta, kuma a cikinsu imel ɗinka yake, da takardunka, har da ajiyar WhatsApp ta masu Android. In kowane hoto mega uku ne, wajen hoto 5,000 ke nan in ba a sa bidiyo ba, bidiyon kamu ɗaya kuwa na iya cinye wurin hoto ɗari biyu. Apple, mai iCloud, giga 5 kacal take bayarwa. In wuri ya cika, ajiya na tsayawa shiru, mutum na can yana zaton komai na hawa. Daga Disambar 2023 kuma Google ta ce tana iya share asusun da ya yi shekara biyu ba a shiga ba. A ɗan tsaya a kan wannan: mutum ya rasu, iyali na cikin jimami, babu wanda ya san kalmar sirri, layinsa ya daina aiki har kamfani ya sayar wa wani, shekara biyu kuwa kamar yau ne. Su kansu kamfanonin ba su da tabbas. MySpace, wani tsohon dandalin sada zumunta, ta sanar a 2019 cewa ta yi asarar waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na shekaru masu yawa wajen sauya ma'ajiya. A shekarar ce Flickr, shafin ajiye hotuna, ta rage wa masu asusun kyauta zuwa hoto 1,000, a ƙarshen Mayunta kuma aka rufe BBM, manhajar hira ta BlackBerry da muka yi yayi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai wani tarko ƙarami da ya kama mutane da yawa: in waya na haɗe da Google Photos, ka goge hoto daga cikin manhajar don ka samu wuri, can ma ya gogu. Madubi ne, abin da ka yi a nan shi zai bayyana a can.

To in an ɗora su a sikeli fa? Ya danganta da abin da kake tsoro. In ruwa ne ko wuta, dijital ya yi wa takarda fintinkau. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri cikin dare, wanda ke gudun ceton rai da yara a kafaɗa ba zai tsaya neman albam ba. Wanda hotunansa ke intanet kuwa zai same su a kowace waya ya shiga. In kuwa abin da kake tsoro shi ne mantuwa da mutuwa da rashin mai kula, takarda ce gaba nesa ba kusa ba. Adakar Hajiya ta yi wajen shekara talatin ba wanda ya biya mata ko sisi, ba ta nemi caji ba, ba ta tambaye ni kalmar sirri ba. Na ɗaga murfi kawai. Babu wata ajiyar dijital da za a yi wa irin wannan watsi ta rayu. Dijital kamar kiwo yake, kullum sai an duba, a sauya mazubi duk bayan 'yan shekaru, a biya haya. Takarda kamar hatsi a rumbu take, a kare ta daga ruwa da ƙwari kawai.

Batun sirri ma ba ƙarami ba ne a wurinmu. Hotunan matan gida na cikin ɗaki, ba mayafi, na kamu da na lalle, a albam suna da mai gadi: sai wanda aka miƙa wa ya gani. A waya kuwa, duk wanda ta faɗa hannunsa, mai gyara ne ko ɓarawo, ya samu, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Wanda zai kai tsofaffin hotuna shago a yi masa sikanin, ya tsaya a kansu har a gama, ya ga an goge daga kwamfutar shagon, ya duba kwandon shararta ma. Wanda zai kai waya gyara, ya cire memori tukuna.

Ga yadda nake ganin zaɓin, kuma ba na ɓoye cewa ina da ɓangare. In a gidanku babu wanda ya damu da harkar kwamfuta, wanda za a ce shi ne mai riƙe da wannan amana shekara da shekaru, to kada ku yaudari kanku da had-dis. Ku wanke. Duk shekara, bayan Babbar Sallah misali, a zauna a zaɓi hoto talatin ko arba'in daga wayoyin gida, waɗanda in an rasa su za a ji ciwo, a kai a wanke. Ba dubu ba, arba'in. A nemi wankin lab na gaske, wanda takarda ke bi ta cikin magani, domin takardun lab na yanzu sun fi na shekarun 1980 riƙe kala sosai. A guji bugun firintar tawada ta shagon kwamfuta, mai arha, wadda sau da yawa ɗigon ruwa ke sa ta zuba, ta kuma koɗe da wuri. A sa su a albam mai aljihu, ba mai danƙo ba, ko a ambulan da farar takarda a tsakani. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke tsotsar ruwa, kada a ɗora a saman sif dab da kwano. Akwatin ƙarfe ya fi kwali saboda gara da ɓera, amma a riƙa buɗe shi ana dubawa bayan damina.

In kuwa akwai mai iya kula, to a yi duka biyun, kuma kuɗin farko ya tafi kan tsofaffin, domin su ne ke da rai ɗaya. Wajen sikanin, a ce wa mai shago ya sa ɗigo 600 a kowane inci. Yawanci 200 ko 300 suke sawa don sauri, wanda ya isa takardar makaranta amma bai isa ƙaramin hoton da za a so a faɗaɗa ba. Hoto mai inci 4 da 6 a kan 600 zai ba da ɗigo 2,400 da 3,600, ya isa a wanke shi babba. Nagatif, da yake faɗinsa milimita 24 da 36 ne kawai, yana son 2,400 ko fiye, da sikana mai haska shi ta baya. Wanda bai samu sikana ba, waya ma ta yi: a inuwa da safe, a kashe filasha, a shimfiɗa hoton, a riƙe wayar daidai samansa kada ta karkace. Manhajar PhotoScan ta Google na ɗauka ta kusurwa huɗu ta haɗe don ta cire ƙyalli. A ɗauki bayan hoton ma in akwai rubutu ko hatimi. Wanda ya manne da gilashi a ɗauke shi ta cikin gilashin, kada a ɓamɓare. Daga nan sai a bi ƙa'idar da masu sana'ar hoto ke bi: kwafi uku, a mazubi iri biyu, ɗaya a wani gari. Nawa na kan kwamfuta, da had-dis da na bar wa yayarmu a Maraɗi, da intanet. Kalmar sirri kuma na rubuta ta a takarda na haɗa da takardun gida. Google da Apple duk suna da tsarin da za ka sa sunan wanda zai gaji asusunka, minti goma ya isa a cika shi.

Kuma bayan an yi sikanin, kada a zubar da na asali. Na ji masu cewa ai an riga an zuba a kwamfuta. A'a.

Gargaɗi ɗaya game da manhajojin nan masu gyara tsohon hoto su sa masa kala. Ɗan yayata ya ɗauki hoton kakarmu ya bi da shi ta cikin ɗaya, ya turo guruf yana murna. Fuska ta fito sumul kamar ta 'yar fim, ido ya ƙara girma, tsagar da ke kumatunta kuwa babu ita, manhajar ta ɗauka karcewa ce ta share. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan kyakkyawa ce, amma ba Innarmu ba ce." Injin ba ya dawo da abin da ya ɓace, cikewa yake da abin da ya zata. A yi wasa da shi in ana so, amma a ajiye na ainihi daban, kada gyararren ya maye gurbinsa.

Abin da ya fi ba ni wahala a aikin nan gaba ɗaya ba takarda ba ce, ba kuma kwamfuta ba. Sunaye ne. Cikin hotuna 214 da na ƙirga a adakar, waɗanda aka rubuta wani abu a bayansu ba su kai ashirin ba. Hajiya ta san kowa, shi ya sa ba ta ga dalilin rubutawa ba. Sai na kwashi ambulan na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, na kunna rikoda a waya na ajiye a gefen tabarma.

"Gwaggo, wannan mai doguwar hular fa?"

"Miƙo nan in gani. Kai, ɗan nan, ba ka gane Baffanku na Gusau ba? Lokacin yana aikin reluwe ne. Wannan na gefensa abokinsa ne, tare suka je Makka ta mota."

Hoto ɗaya sai ya ja labarin rabin awa. Kwana uku muka yi. Ina rubutawa a bayan kowanne da fensir mai laushi, a hankali, domin biro na huda takarda kuma tawadarsa na ratsawa ta fito a fuska, ko ta shafi na ƙasansa. A kwamfuta kuma na sa wa kowane hoto suna da shekara a gaba, sai wuri, sai mutanen ciki, don su jeru da kansu. Muryar Gwaggo ma na ajiye ta tare da hotunan, wuri uku.

Guda shidan da suka manne suna nan yadda suke, ban taɓa su ba, na ji tsoron in jiƙa su in rasa duka. Akwai kuma guda ɗaya da ya gagari Gwaggo: wata matashiya da goyo, tsaye a gaban labulen sitidiyo mai zanen jirgin sama, ta dafa kafaɗar Hajiya kamar 'yar'uwa. Gwaggo ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta ce fuskar ba baƙuwa ba ce amma sunan ya ɓace mata. Na sa shi a ambulan shi kaɗai. An ce akwai wata tsohuwa a Ɗambatta da suka yi zaman haya gida ɗaya da su Hajiya a shekarun nan, in Allah ya kai mu Ƙaramar Sallah zan kai mata ta duba.